Injin Jamus da Rabin Duron Inna

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga koyar da fasaha a sakandare, na ɗauka Allah ya ba ni abokin hira. Har na tsara yadda za mu riƙa zama a tabarma bayan la'asar, ina tsinkar zogale, yana karanta mini wani abu mai amfani. Abin da na samu shi ne injin jirgin sama a tsakar gida, kuma daidai kusurwar da nake bukata.

Gidanmu a Fagge yake, irin tsofaffin gidajen nan da soro ya cinye rabin fili. Tsakar gidan ɗan kaɗan ne. Akwai kusurwa guda kusa da banɗaki, inda magudanar ruwa ta bi, a nan ake girke duwatsun murhu duk lokacin da aka yi haihuwa a gidan. Abin da ake ɗorawa a kan duwatsun kuwa rabin duro ne da Innata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini. Gindinsa baƙi ƙirin, yana da hannaye biyu da wani maƙeri ya liƙa masa tun kafin a haife ni. Daga Adamawa aka zo da shi a bayan motar kaya lokacin da iyayenmu suka dawo Kano. A cikinsa aka tafasa ruwan wankan jegon Inna da ta haife ni, a cikinsa aka tafasa nawa. Ba na zuba masa hatsi, ba na wanki a ciki. Kife yake a ɗakin ajiya, sai haihuwa ke fito da shi.

A bazarar nan kuwa haihuwa na tafe. 'Yata ta fari, wadda ke aure a Rijiyar Lemo, tana da cikin fari, ya tsufa, ana gab da dawo da ita gida goyon ciki. Ina bukatar kusurwata, ina bukatar durona. Sai dai mu a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, ko da zuciya za ta fashe. Ni ina ce mata "yarinyar nan". Malam, wato maigidan, yana cewa "mutanen Rijiyar Lemo", sai ka ce unguwar gaba ɗaya ya haifa. Tun da cikin ya bayyana, ni da shi ba mu taɓa furta maganarsa ba, ko da wasa. Ina ɗinka 'yan riguna ina ɓoyewa a ƙasan akwati, shi kuma yana wucewa yana kallon rufin ɗaki.

Ranar da abin ya zo, Malam ya fita da safe ne zuwa Sabon Gari neman wani ɗan ƙarfe na ƙaramin janaretanmu da ya mutu. Ƙarfen da ya tafi nema bai fi ɗan yatsa ba. Da azahar sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, da ƙarti suna nishi, suna gungura wani abu a kan bututai ta cikin soro. Na shiga ɗaki na leƙo ta labule. Dogo ne, ya kusa kai tsawon gadon mutum ɗaya, da wasu tukwane shida a jere a bayansa kamar an jera turame, tsatsa ta yi masa lalle ko'ina. Suka duba nan, suka duba can, suka dire shi a kusurwar murhu, don a cewar Malam nan ne ruwa zai samu hanyar fita.

Da suka tafi na fito na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Tarihi ne, Hajiya."

Na ce, "Shi tarihin ba shi da gida ne?"

Mai kayan ya biyo motar don ya ga an sauke lafiya, wani dattijon Ibo haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta Kurmi. Ta soro na ji yana ba maƙwabcinmu labari, yana dariya. Ya ce shi tun yana yaro yake ganin ƙarfen a bayan shagon mahaifinsa, a ƙarƙashin tsofaffin tayoyi, bai san na mene ne ba, yana ma shirin kiran masu awon gwangwan su raba shi da shi. Sai ga Malam ya tsuguna ya kankare wani ɗan allo a jikinsa, ya ga rubutun Jamusanci, ya miƙe ya tara mutanen layin ya yi musu darasi a kan darajar abin. Bayan ya gama darasin ne ya tambayi kuɗinsa. Duk Kano ban san wani mai saye da ke fara wayar wa mai sayarwa kai kafin ciniki ba, sai nawa. Dattijon ya ce har kujera ya ba shi, don kada ya gaji bai gama yabon ba.

Ko injin jirgin sama ne da gaske, Allah ne masani. Malam dai ba ya shakka. Kakansa ya ba shi labarin zaman Jamus a Kamaru, can maƙwabtan garinmu na asali, shi kuma ya haɗa wannan da wancan ya yanke cewa ta nan injin ya ɓullo, ya yi ta sauya hannu har ya zo Sabon Gari ya zauna jiransa. Ban yi gardama ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa gaban allo, rana ɗaya aka karɓe allon, dole ya nemi aji. Ni ce ajin.

Na sha karatu a kwanakin nan, ina tankaɗe ina sha, ina wanke-wanke ina sha. Na san cewa tun kafin yaƙin duniya na farko Jamusawa suka fi son injin mai silinda shida a jere, ga su can su ne turamen. Na san cewa wasu ƙasashen iska kawai suke bari ta sanyaya injinsu, su kuwa Jamus suka sa wa kowace silinda rigar ƙarfe, ruwa na zagayawa tsakanin riga da jiki yana kwashe zafi, ya tafi lagireto ya huce ya dawo. Na san cewa a wasu jiragen a kan fiffike aka ɗora lagireton, daidai saman kan matuƙi, in harsashi ya huda shi sai tafasasshen ruwa ya zubo wa bawan Allah a fuska, har sai da suka yi hankali suka matsar da shi gefe. Wannan ya tsaya mini a rai, na yi ta tunanin uwar yaron da ke tuƙin. Malam kuwa abin da ya burge shi dabarar matsarwar ce.

Sai kuma jerin amfaninsa, wanda yake karantowa kamar mai jan carbi. An sa shi a jiragen leƙen asiri, an sa shi a jiragen yaƙi, an sa irinsa a wasu manyan jirage masu kama da balan-balan, dogaye kamar kabewa. Da aka gama yaƙi aka hana Jamus jiragen, sai ragowar injunan suka koma cikin kwalekwalen gudu da motocin tsere. Yakan nuna mini hotunansu a waya, baƙi da fari, wasu Turawa da gashin baki tsaye kusa da abin suna murmushi. Na lura babu mace ko ɗaya a hotunan. Ina jin suna ciki suna neman inda za su yi shanya.

Na tambaye shi mu kuma a Fagge, da ba mu da yaƙi ba mu da kogi, wane amfani zai yi mana. Ya ce wuta. Zai haɗa shi da kan janareta, gidan nan ya yi sallama da duhu. A lokacin masu wuta suna kawo ta ne kamar mai leƙo gaisuwar mutuwa, kafin ka amsa sun juya. Na ce ai ƙaramin janaretan ma da an gyara ya ishe mu. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya zo aji ba biro.

Sau da yawa na buɗe baki zan ce masa kusurwar nan tana da aiki nan ba da daɗewa ba. Sai in ji harshena ya yi nauyi. In na faɗa, na ambaci cikin yarinyar nan ke nan a gaban ubanta, abin da Inna ba ta taɓa yi a kaina ba. Sai na koma zagaye. Na ce wurin yana da danshi, ƙarfe ba ya son danshi. Ya ce injin ruwa ne. Na ce zai tare hanyar banɗaki. Ya auna da taku ya ce mutum biyu ma sa wuce. Na sayo itace na jibge kusa da injin, ko zai tambayi na mene ne, mu da muke girki da gas. Ya gode mini, ya zaɓi guda biyu masu kauri ya tokare abinsa da su.

Matsalar da ta tsaya masa ita ce lagireto. Injin bai zo da nasa ba, kuma ko ya zo, a cewarsa, jirgi gudunsa ne ke kawo iskar da ke huce ruwan, gidanmu kuwa ba ya gudu. Ya yi kwanaki yana zagaya injin da hannu a baya. Sannan ya je wajen masu niƙa na bakin titi ya tsaya yana kallon yadda suke ajiye duron ruwa kusa da injinsu, da tiyo biyu, ɗaya na kai ruwa ɗaya na dawo da shi. Ya dawo fuskarsa a sake. Da na san abin da ya gano, da a bakin ɗakin ajiya zan kwana.

Wata Laraba na dawo daga Islamiyyar matan aure, da hijabina da jakar littattafaina, na tarar da rabin duron Inna a kan bulo, kusa da injin, cike da ruwa. An huda shi wuri biyu, ɗaya can ƙasa kusa da gindi, ɗaya kusa da baki, an cusa tiyo an naɗe da roba. Malam na tsugune yana sha'awar aikinsa.

Na daɗe a tsaye. A ranar an karantar da mu falalar haƙuri, ban san jarrabawar tana jirana a gida ba, ko cire takalmi ban yi ba.

Na ce, "Duron Inna ne."

Ya ce, "Na sani. Ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Na ga shekara da shekaru yana kife ba abin da yake yi."

Na ce, "Haka ne. Ni ma shekara da shekaru ba abin da nake yi, sai a huda ni."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Na shiga ɗaki na yi alwala da ruwan buta, na yi sallah, na yi kukana a kan darduma ba tare da sauti ba. Na roƙi Allah ya shirya mini mijina, ya kuma yafe mini abin da na raya a zuciya game da Jamus baki ɗayansu, waɗanda ba su san ma ina duniya ba.

Daga nan gidanmu ya zama gidan 'yan garuwa. Famfon unguwarmu ya daɗe da zama abin rataya tsumma, ruwa sai a kura. Malam yana cika duro, yana wanke cikin injin, yana zubarwa, yana sake cikawa. Ruwan da ke fitowa kamar an jiƙa jar kanwa. Mai kurar da a da sai na aika sau uku kafin ya zo, yanzu da sassafe yake sallama, har yana tambayar lafiyar injin kafin tawa.

Da na ga babu mafita, na hau adaidaita sahu na tafi wajen Yaya, yayar Malam. Ita ce babbar gidansu, ita ta goye shi, kuma ita za ta yi wa mai jego wanka, don ni a al'ada ba na shiga wannan hidima ta 'yar fari. Yaya ba ta kunyar kowa a duniya, har likita takan gyara wa magana. Ban ce mata komai a kan haihuwa ba, na ce dai duron Inna ya samu aikin gwamnati a wajen Jamus. Ta gane nan take. Ta ce in koma gida, tana nan zuwa.

Ta zo rana ɗaya da yarinyar nan. Dangin mijin suka rako ta da akwatinta, ƙafafunta a kumbure, tana tafe tana dafa bango. Na amsa gaisuwarta ina kallon tukunya, na ce ɗaki a share yake. Malam ya amsa tasa yana goge filogi. Amma na ga hannunsa ya tsaya cak har ta shige. Yaya kuma ta sauko daga nata adaidaitan da ɗaurin ganyen darbejiya, da ƙullin kanwa, da ƙatuwar ƙwaryar wanka. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi injin, ta dubi duro, ta dubi ƙanenta.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, a ina zan dafa wa 'yarka ruwan wanka? A kan digirinka?"

Malam ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar nama. Mutum mai furfura, amma a gaban Yaya ɗan goyo ne. Ta ci gaba, ta ce ciki ya sauka, yau ko gobe ne, shi kuma ya ɗauki duron da ya wanke matarsa da surukarsa ya mayar da shi butar Bature. Ta ce in jirgi yake so ya tuƙa, filin jirgi ba nisa, ya je ya roƙa a ɗana shi.

Bai ɗago ba. Ya juya wajen bango, kamar da bangon yake magana, ya ce, "Yaya, zafin bana ba na ƙaramin mutum ba ne. Ɗakin can ba iska. In wuta ta samu, ga fanka, ga firji, ruwan ma hita za ta tafasa, ba sai kin sha hayaƙi ba."

Ina bakin ɗakin girki da ludayi a hannu. A duk watannin nan wannan ne karon farko da na ji ya ambaci abin da ke tafe, shi ma a kaikaice. Ashe ni ina ɓoye riguna a ƙasan akwati, shi yana ɓoye nasa tanadin a tsakar gida, a fili, mai nauyin saniya. Na koma ciki na yi ta juya miyar da ba ta bukatar juyi. Haushina bai tafi ba, amma ya rasa inda zai zauna.

Ya roƙi Yaya ta bar shi ya gwada sau ɗaya. In bai tashi ba, zai fitar da shi. Ta ce ta ba shi zuwa la'asar ɗin gobe.

Washegari bayan azahar ya kawo ƙartin nan na Sabon Gari, da dattijon mai kayan, wanda ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. Mu mata muka shige ɗaki muna leƙe. Da yake babu farfela, Malam ya ɗaura masa wani ƙaton faifan ƙarfe na injin niƙa, aka naɗa igiya, ƙarti suka ja. Ya yi tari. Suka sake ja, ya yi atishawa ya tofar da baƙin hayaƙi a kan shanyata. Na fara gode wa Allah a zuciya. Ban kai ƙarshen godiyar ba ya tashi.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kuma na zauna a Fagge tsakanin teloli da masu walda da 'yan adaidaita duk rayuwar aurena. Ba shi da salansa, ashe jirgi ba ya bukata, a sama ba maƙwabta. Wuta na fita ta gajerun bututansa shida. Kwanukan da ke kan kanta suka fara tafiya da kansu. Kajin maƙwabta suka haura katanga suka shigo, suka ga abin da ke ciki suka koma. Ta soro ina hango mutane sun cika ƙofa, wasu da bokitin ruwa, sun ɗauka gobara ce. Ƙwan lantarkin da Malam ya rataya a igiyar shanya don shaida ya kama, ya yi fari fat kamar rana, ya fashe. Wannan ita ce wutar da muka sha daga ƙasar Jamus, Allah ya saka musu.

Malam bai ma ga fashewar ba. Yana tsaye hularsa a karkace, fuskarsa duk baƙin mai, yana dariya kamar ranar da aka ɗaura mana aure. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗin ganinsa haka. Tun da ya bar makaranta ban ga haƙoransa a waje ba.

Ba a daɗe ba duron ya fara tururi, sannan ya fara tafasa, yana ɓulɓula. Malam ya nuna shi da hannu biyu yana ɗaga murya don Yaya ta ji, wai ga ruwan zafi nan ya samu ba itace ba hayaƙi, safe da yamma sai dai a ja igiya. Ana cikin haka injin ya shanye fetur ɗin da aka tanada, ya yi shaƙuwa ya mutu. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa ciwo.

Yaya ta fito da ƙwaryarta, ta kamfato ruwan, ta kai masa har gaban hanci. Ja ne kamar ruwan kududdufi, baƙin mai na yawo a sama, yana warin gareji.

Ta ce, "Bismillah, shiga banɗaki. In ka fito da fatarka, sai a yi wa mai jego."

Ƙartin suka juya baya suna dariya. A ɗaki kuwa yarinyar nan ta riƙe ƙugu tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Umma, ki ce wa Gwaggo ta bar Abba haka." Na ce ba ruwana, ban san su ba. Malam ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya sallami mutane.

Da hantsi washegari naƙuda ta tashi. Har yau Yaya na cewa injin ne ya kira yaron, ko da yake ma'aikaciyar asibiti ta ce lokaci ne ya yi. Yaya da wata maƙwabciya suka tafi da ita. Ni ban bi su ba, uwar 'yar fari ba ta zuwa. Na tsaya a bakin soro har adaidaitan ya sha kwana, na dawo na ɗauki tsintsiya na fara sharar inda na riga na share. Gida ya rage daga ni sai Malam, da abin da ba ma iya faɗa, da duro mai huda biyu da maiƙo, wanda ake bukata da zarar sun dawo.

Ina shara na ji ƙarar ƙarfe. Ya zare tiyon, ya tuntsurar da jan ruwan a magudana, ya ɗebo toka da yashi ya tsuguna yana dirzar cikin duron da hannunsa. Mutumin da bai taɓa wanke kofin shayinsa ba. Na kawo masa sabulu da soson ƙarfe na ajiye. Da ya gama sai ya ɗauki sifana ya nufi injin. A can ƙasansa akwai wani ɗan famfo na tagulla, na zubar da ruwan cikin rigunan ƙarfen. Shi ne abu ɗaya da tsatsa ba ta ci ba, kullum sai ya goge shi ya nuna wa baƙi, yana cewa a dubi aikin mutanen da. Ya kwance shi ya sa a aljihu.

Na ce, "Malam, in ka cire wannan ai ba zai riƙe ruwa ba."

Ya ce, "Ya sha isasshe."

Ya kira adaidaita ya ɗora duron ya tafi wajen mai walda. Kafin azahar ya dawo. An toshe hudar sama da faci, ta ƙasa kuma an liƙa mata ɗan bututu mai tsawon taƙi, an murɗa famfon tagullar a bakinsa. Ƙartin jiya suka sake zuwa, suka gungura injin zuwa soro. Na share kusurwata, na jera duwatsu, na zare itacen nan biyu da ya tokare abinsa da su na fara hura wuta da su. Muka tafasa ruwa da toka da lemon tsami muka zubar, muka sake, har sai da na shinshina ban ji gareji ba.

Muna tsugune a gaban wutar wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, muryarta har inda nake: an sauka lafiya, namiji, uwa da ɗa kalau. Malam ya ce to, madalla, a gaida mutanen Rijiyar Lemo. Ya kashe wayar, ya dubi duron ya ce masa alhamdu lillahi. Ni ma na ce wa itacen alhamdu lillahi. Hayaƙi ya shiga mana ido mu duka biyun, ga shi itacen busasshe ne.

Facin yana nan a jikin duron Inna kamar tabon ƙuna, duk lokacin da na gani sai na ji wani abu. Famfon kuwa, Yaya ta yi ta sa masa albarka har aka yi arba'in. A da sai an sunkuya cikin tururi ana kamfatar tafasasshen ruwa, hannu na ƙuna. Yanzu sai ta tara bokiti ta murɗa. Ta ce in gaya wa ƙanenta ya yi abin kai sau ɗaya a rayuwarsa. Ban gaya masa ba. In na gaya masa, Sabon Gari ba ta rasa wani tarihin a ƙarƙashin taya ba. Ƙaramin janaretan ma an gyara shi a ranar suna, da ɗan ƙarfen nan mai kamar yatsa, fanka ta yi ta juyawa a kan ƙaramin mutum.

Injin yana soro har yanzu. Masu sayen gwangwan sun yi sallama ba sau ɗaya ba, wata rana ma Malam ba ya nan, da na ce a ɗauka da an ɗauka. Na ce musu ba na sayarwa ba ne. Duk baƙon da ya zauna a soron sai ya sha darasi, daga jiragen leƙen asiri zuwa masu kama da kabewa, zuwa kwalekwale da motocin tsere. A nan Malam yake tsayawa. Ragowar jerin ni nake riƙe da shi, don soron yana da iska, kuma bututan nan shida da suka yi aman wuta daidai suke da shanyar wandunan jikana guda shida in an wanke.